Daga Nineba Zuwa Tabkin Kwatto: Yadda Ake Sa Tsohuwar Kibiya Ta Yi Magana

Duk wanda ya kwana a Narayi, kudu da Kogin Kaduna, ya san cewa da zarar an idar da sallar asuba kuma masu zuwa coci sun kama hanya, ƙarar ƙarfe ce ke karɓe unguwa. Ga masu walda a bakin titi, ga masu buga bodin mota, ga 'yan gwangwan suna tura baro lungu-lungu suna cigiyar tsohon ƙarfe. Tafiyar 'yan mintuna daga nan, a Kakuri, akwai masana'antar ƙera makamai ta ƙasa, DICON, wadda aka kafa a 1964. A tsallaken kogi kuwa akwai Panteka, inda ake narka tsohon alminiyam a zuba shi cikin ƙasa ya fito tukunya. Da dare kuma, idan 'yan sintiri suka fito a unguwannin bayan gari, ba a rasa ganin wani dattijo rataye da kwari da baka.

Waɗannan mutane ba su san juna ba, amma da za a tara su wuri ɗaya a ajiye musu wani ɗan ƙarfe mai tsatsa kore, wanda bai wuce santimita 3 ko 4 ba, kowannensu zai sami abin cewa a kansa. Mai zubi zai duba inda aka zuba narkakken ƙarfen. Maharbi zai auna nauyinsa a tafin hannu. Ma'aikacin Kakuri zai tambayi guda nawa ake fitarwa a yini. Wannan ɗan ƙarfe shi ne kan kibiya na tagulla mai kaifi uku, irin wanda ake tonowa a kufan biranen daular Assuriya, a arewacin Iraƙi na yau.

Sunan Assuriya ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Kaduna, ko da ba su lura ba. Babban birninta shi ne Nineba a bakin masu karanta Littafi Mai Tsarki, Nainawa a bakin malaman tafsiri, wato garin da aka aiko Annabi Yunus. Kufansa na nan daura da birnin Mosul, a gabashin Kogin Dijla. Daga wajen shekara ta 911 zuwa ta 609 kafin haihuwar Annabi Isa, babu rundunar da ake shakka a Gabas ta Tsakiya kamar ta Assuriyawa, kuma ƙashin bayan wannan runduna 'yan baka ne.

Sarakunansu sun so a san haka, shi ya sa suka sa aka sassaƙa yaƙoƙinsu a jikin duwatsun fada. Mafi shahara shi ne hoton kewaye birnin Lakish, a ƙasar Yahudiya, wanda Sarki Sennakerib ya ci a shekara ta 701 kafin Miladiyya. Wani Bature mai suna Austen Henry Layard ya tono allunan a fadar Sennakerib da ke Nineba a tsakiyar ƙarni na 19, yanzu suna babban gidan tarihin Birtaniya a Landan. A jikinsu ana ganin 'yan baka sahu-sahu, kowane maharbi da abokin tafiyarsa mai riƙe da doguwar garkuwa ta saƙaƙƙen kara wadda ta fi tsayin mutum, ta lanƙwaso ta sama kamar rumfa. Ɗaya yana karewa, ɗaya yana harbi.

Dutse dai abin da sarki ya so ya faɗa shi yake faɗa. Sai da masu tono kayan tarihi suka je Lakish ɗin kanta, ƙarƙashin jagorancin David Ussishkin daga shekarar 1973, sannan aka sami shaida ta biyu. Sun tarar da tudun duwatsu da Assuriyawa suka tara don su turo injinan rushe ganuwa, kuma a gindin ganuwar suka tsinci ɗaruruwan kawunan kibau, da yawansu sun tanƙware saboda karo da dutse. A nan ne labarin ya ɗan karkace daga yadda aka saba ba da shi. Galibin waɗannan kawunan kibau na baƙin ƙarfe ne, masu siffar ganye, da 'yar wutsiya da ake sokawa cikin kara. Akwai ma na ƙashi. Kenan a zamanin Sennakerib, kibiyar yau da kullum ta sojan Assuriya aikin maƙerin baƙi ce.

Ta tagulla mai kaifi uku daga baya ta yawaita, a ƙarni na 7 kafin Miladiyya, kuma masana suna danganta zuwanta da mahayan dawaki na arewa, irin su Sikitiyawa, da mutanen tsaunukan Iran. Lokacin da ayarin David Stronach na Jami'ar Kalifoniya ya yi tono a Ƙofar Halzi ta Nineba a ƙarshen shekarun 1980, ya iske ƙwarangwal fiye da goma a zube a mashigar ƙofa, inda suka faɗi a shekara ta 612 da Mediyawa da Babilawa suka fasa birnin. A tsakankanin ƙasusuwan akwai kawunan kibau na tagulla. Kibiyar da ake tonowa a kufan Assuriya, ashe har da ita aka binne Assuriya.

To me ya sa mutanen da suka riga suka mallaki baƙin ƙarfe za su koma wa tagulla? Ai kamar mai babur ne ya koma hawan jaki. Amsar tana hannun mai zubin tukwane na Panteka. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,538, kuma murhun mutanen dā a wannan yanki bai kai nan ba. Saboda haka kowane kan kibiya na baƙin ƙarfe sai maƙeri ya sa shi a wuta, ya ɗora a uwar maƙera, ya daka da masaba, ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya biyu su zo nauyi guda. Jan ƙarfe kuwa yana narkewa a digiri 1,085. Idan aka haɗa masa kuza kamar kashi ɗaya cikin goma, ya zama tagulla, sai ya narke a ƙasa da haka, ya kuma ƙara tauri. A zuba masa 'yar dalma, ya riƙa gudu kamar kunu mai ruwa yana shiga kowane saƙo na mazubi.

A gidan tarihin Birtaniya akwai wani mazubi da aka samo daga yankin Mosul, shi kansa na tagulla, wanda ake harhaɗawa daga gutsattsari shida, yana fitar da kan kibiya uku a zubi ɗaya. A kwance shi, a fitar, a sake ɗaurewa, a sake zubawa. Yaron maƙera da ya yi wata biyu yana koyo zai iya wannan aiki, kuma kowane kai zai fito daidai da ɗan'uwansa. Ga maharbi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan kibau goma a kwari nauyinsu ɗaya, hannu ya san inda kowace za ta sauka. Tunanin da ke bayan injin harsashi na Kakuri ke nan, shekara 2,600 kafin a haƙa harsashin ginin masana'antar.

Sai dai fa duk wannan lissafi ne na zaune. Mutum zai iya shekara yana kallon kan kibiya ta cikin gilashin gidan tarihi, ya auna shi da ma'auni, ya zana shi, ya ba shi lamba, amma ba zai san ko yana huda sulke ba. Daga nan ne wani reshe na ilimin tono kayan tarihi ya ɓullo, wanda za a iya kira binciken tarihi ta hanyar gwaji. Ƙa'idarsa gajeriya ce: a sake ƙera abin da irin kayan da masu shi suka yi amfani da su, a yi aiki da shi, a rubuta abin da ya faru, yadda wani ma zai iya maimaitawa ya gani ko zai sami sakamako iri ɗaya. Gani ya kori ji.

A fagen baka da kibiya na Gabas ta Tsakiya, mutum uku ne suka share hanya: Robert Miller, da Christopher Bergman, da Edward McEwen wanda shi gwanin ɗaura baka ne. A 1986 suka buga sakamakon gwaje-gwajensu. McEwen ya haɗa baka irin na dā, wanda ba itace zalla ba ne. Ana sa itace a tsakiya, a manna ƙaho ta ɓangaren da ke fuskantar maharbi, a shimfiɗa jijiyar dabba ta baya, a bar manne ya yi watanni yana bushewa. Ƙaho yana jure matsi, jijiya tana jure miƙewa, don haka ɗan gajeren baka sai ya tara ƙarfin da na itace ba zai iya ba. Da suka auna da na'urar auna gudu, suka tabbatar cewa haɗaɗɗen baka yana wurga kibiya da saurin da ya fi na bakan itace mai irin ƙarfin jansa, musamman idan kibiyar marar nauyi ce. Nan aka gane dalilin ƙanƙantar kan tagulla. An yi shi ne don bakan da ke son kibiya shafal.

Yadda ake irin wannan gwaji yana da ban sha'awa. Sau da yawa ba a barin mutum ya ja tsirkiya da hannu, domin hannu yana gajiya, jan safe daban da na la'asar. Ana ɗaure bakan a jikin wani katako mai kunama, a ja shi zuwa wuri ɗaya kullum. Abin harbin kuma wani daskararren abu ne mai kama da tsokar mutum wajen tauri, wani lokaci gawar dabba, a rufe shi da fata ko ƙyalle ko sulke. Bayan kowane harbi a auna zurfin shiga, a duba ko tsinin ya lanƙwashe, a duba ko karan ya tsage. Abubuwan da ke fitowa sukan zama waɗanda maharbi ya sani da hannunsa amma ba a taɓa sa musu lamba ba. Faffaɗan kai yana yanka, yana zubar da jini, amma sulke yana tare shi. Siriri yana huda sulke, amma raminsa ƙarami ne. Mai kaifi uku ya tsaya tsakani: haƙarƙarinsa uku suna hana shi tanƙwarewa, kuma raunin da yake bari mai baki uku ne, wanda ba ya haɗuwa da sauri. Akwai kuma batun gindi. Kai mai wutsiya idan ya bugi abu mai tauri yakan koma baya ya tsaga karan kamar yadda ake faskare. Na tagulla rami gare shi a gindi, ana cusa masa kara kamar yadda ake cusa sanda a gindin mashi, kuma irin wannan rami a abu ƙarami haka, zubi ne ke fitar da shi cikin sauƙi, ba guduma ba.

Wasu kuma ta ɓangaren mai karewa suka ɓullo wa al'amarin. Thomas Hulit, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Durham ta Ingila wanda ya kammala a 2002, ya ɗinka sulke irin na ɓawon kifi bisa samfurin waɗanda aka tono a Nuzi, kusa da Kirkuk, ya kuma je Alƙahira ya duba sulken fata na Fir'auna Tutankamun. Ya yi na tagulla, ya yi na ɗanyar fata, ya yi na gauraye, aka kai su gidan adana makamai na Leeds aka yi ta harbi. Ɗanyar fata da ake rainawa ta ba da mamaki wajen tare kibiya, ga ta kuma ba nauyi.

A Amurka kuwa, Farfesa Gregory Aldrete da ɗalibinsa Scott Bartell sun shafe shekaru suna manna ƙyallen lilin fefe-fefe don su sake yin rigar yaƙin Girkawa. Suka harbe ta da kibau iri-iri. Da suka gamsu da lissafinsu, Bartell ya sa rigar a jikinsa aka harbe shi, ya tashi lafiya. Littafinsu ya fito a 2013. Bahaushe da ya ji wannan labari zai yi murmushi, don rigar ƙyalle mai tare kibiya ba labari ba ce a wurinsa. Sunanta lifidi.

A nan ne zancen ya dawo gida. Ƙasar Hausa ta fuskanci tambayar da Assuriyawa suka fuskanta, wato yadda ɗan ƙarfe ƙarami zai kayar da barde mai sulke, amma ta ba da wata amsa dabam. Bakan Bahaushe itace ne guda, babu ƙaho babu jijiya. Kibiyarsa ta kyauro ce, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi. Kanta baƙin ƙarfe ne na maƙera, siriri, da kunnuwa masu komawa baya yadda in ta shiga ba ta fita sai an tsaga. Idan aka ɗora ta a ma'aunin Miller da McEwen, ta fuskar gudu da nisa ba za ta kama ƙafar ta Nineba ba. Amma ba a yi ta don ta yi zurfi ba. An yi ta ne don ta kai saƙo, saƙon kuwa shi ne dafin da aka shafa a wuyanta. Karin maganar nan da ake yi, harbi a wutsiya ya fi kuskure, ga mai kibiya mai dafi ba lallashin kai ba ne, bayanin aiki ne. Ƙwarzane ya isa.

Jigon wannan dafi shi ne ƙwayar kwankwani, tsiron da likita J. M. Dalziel ya rubuta a ƙamusunsa na sunayen tsirran Hausa a 1916. Yana kama zuciya ne kai tsaye. Abin dariya, irin wannan tsiro ne ya shiga kantin magani a Turai. John Kirk, likitan da ya raka David Livingstone a Kogin Zambezi, ya ajiye buroshin haƙorinsa a jaka ɗaya da samfurin dafin kibiya, ya goge baki da safe, sai ya ji bugun zuciyarsa ya ragu. Daga baya Thomas Fraser na Edinbara ya tace sinadarin, aka shekara da shekaru ana ba masu ciwon zuciya.

Shaidar aikin wannan kibiya tana cikin tarihin da kowane ɗan makaranta ya karanta. A watan Yunin 1804, a Tabkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da dawaki da 'yan lifida, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ƙanen Shehu, dawakinsu ba su wuce ashirin ba. Abin da suke da shi 'yan baka ne. Suka tsaya, suka yi ruwan kibau, rundunar Gobir ta watse. A 1823 Baturen nan Dixon Denham ya bi wani hari daga Borno zuwa gindin duwatsun Mandara, tare da Larabawa masu bindiga. Fulanin da aka kai wa harin suka tare su da kibau masu dafi daga bayan shinge, maharan suka juya da gudu, jagoran Larabawan, Bu Khalum, ya mutu a hanya da raunin kibiya, Denham kansa da ƙyar ya tsira tsirara. Shekara uku bayan haka Hugh Clapperton ya ga 'yan lifidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Gobir, ya bayyana yadda nauyin kaya ke sa sai an ɗaga mahayi a ɗora shi bisa doki. Lugard ya sha kibiya a ka a ƙasar Borgu a 1894, ya rayu. Manjo Marsh, wanda ya jagoranci sojan Ingila a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903, shi ma ya sha kibiya, amma bai rayu ba, duk da cewa ɓangarensa ne ke da bindiga mai ruwa.

Lifidi shi ne martanin da aka mayar wa dafi. Tunda kibiyar ba ta da nauyin ratsa abu mai kauri, sai aka cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu aka ɗinke, aka lulluɓe doki da mahayi. Kibiya ta maƙale a auduga, dafi bai taɓa jini ba. Maharba su kuma suka koyi neman inda lifidi bai rufe ba, ƙafar doki, ido, hammata. Tsere ne tsakanin maƙeri da maɗinki, irin wanda aka yi tsakanin mai zubin tagulla da mai ɗinka sulken ɓawon kifi a bakin Dijla.

Tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, me ya hana mutanen nan yin kibiyar tagulla, alhali kuza tana ƙarƙashin ƙafarsu? Daga Sabon Tasha, maƙwabciyar Narayi, hanyar Kachiya ta miƙe kudu har ƙasar Jaba, inda ƙauyen Nok yake. A can ne masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a 1928, kafin Bernard Fagg ya gane a shekarun 1940 cewa wata tsohuwar al'umma ce guda ta bar su. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005, sun nuna cewa ana gasa waɗannan siffofi tun wajen shekara ta 900 kafin Miladiyya. Wato ranar da Sennakerib ke zaune a kan karagarsa a gaban Lakish, akwai masu gina yumɓu a kudancin Kaduna suna aikinsu. A Taruga kuma, kusa da Abuja, Fagg ya tono murahun narka tama waɗanda suka girmi Miladiyya da ƙarnuka. Mutanen Nok daga dutse suka tsallaka zuwa baƙin ƙarfe, ba su bi ta tagulla ba.

Dalilin ba ya rasa nasaba da abin da ƙasa ta bayar. Tama tana ko'ina, daga Dutsen Dala, inda aka sami shaidar narka ta tun ƙarni na 7 na Miladiyya, har zuwa Samaru ta Zariya. Kuza akwai ta, har mutanen Riruwai sun iya narka ta su fitar da ita siri-siri kamar tsinke tun kafin zuwan Turawa. Jan ƙarfe ne babu. Sai an ɗauko shi daga nesa, daga wurare irin su Takedda a yankin Agadas, wadda Ibn Battuta ya ziyarta a 1353 ya ga ana zuba shi sanda-sanda ana ciniki da shi a matsayin kuɗi, ana kai shi har Gobir da Borno. Abin da ake sayen hatsi da nama da shi, ake yi wa amarya munduwa da shi, ba mai hankalin da zai ɗaura shi a kyauro ya harba cikin daji. Inda jan ƙarfe ke da yawa kuwa, kamar Akjujt a Muritaniya, an tono kawunan kibau na jan ƙarfe na ƙarnukan kafin Miladiyya. Ba rashin sani ba ne kenan. Maƙeran Igbo-Ukwu sun nuna tun ƙarni na 9 ko na 10 irin zubin tagullar da ake iya yi a wannan ƙasa.

Shi kansa binciken tarihi ta hanyar gwaji ya taɓa sauka a ƙasar Hausa, sai dai ta ƙofar tama ya shigo. A shekarun 1960 wata masaniya Bafaransa, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar a Jamhuriyar Nijar, a lokacin da tsohon ƙarfen mota ya riga ya fara kashe sana'ar narka tama. Suka gina murhu, suka narka a gabanta, ta ɗauki aikin a fim ta sa masa suna da Faransanci mai ma'anar bikin auren wuta, saboda yadda maƙeran ke kwatanta aikin da aure da haihuwa. A Tanzaniya, Peter Schmidt da Donald Avery sun roƙi tsofaffin ƙabilar Haya su sake kunna murhun da aka daina amfani da shi shekaru da dama, suka soka ma'aunin zafi a ciki, suka buga sakamakon a 1978. A duwatsun Mandara ma an yi irin haka a 1986 da wani tsohon maƙerin Mafa, Dokwaza. A duk waɗannan, malamin jami'a ne ke riƙe da takarda, amma ilimin yana hannun mai zuga-zugi.

Wannan shi ne abin da Kaduna ke da shi wanda Leeds ba ta da shi. Hulit sai da ya yi ta harhaɗa sulkensa daga ɓaraguzai da allunan yumɓu masu rubutu, don babu ɗan Nuzi ko ɗaya da zai tambaya. A nan kuwa masu ɗinka lifidi suna raye, su ne ke shirya dawakin hawan salla a Zazzau da Kano da Katsina. Sarautar Sarkin Maƙera da ta Sarkin Baka ba su mutu ba. Gidan tarihi na ƙasa yana kan titin Ali Akilu, Gidan Arewa yana da rumbun takardu, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin kayan tarihi, Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja kuma tana cikin gari. Kyauro yana fitowa a fadama, auduga tana zuwa daga Funtuwa. Gwajin da zai amsa tambayoyi masu ma'ana bai fi ƙarfin ɗalibin digiri na biyu ba: daga taku nawa kibiyar kyauro ke ratsa lifidi, kaurin auduga nawa ke tare ta, jiƙaƙƙen lifidi da busasshe wanne ya fi kariya, kuma kibiya marar gashi daga wane nisa take fara karkacewa. Ba a bukatar dafi a irin wannan gwaji, zurfin shiga kawai za a auna. Amsoshin za su iya sauya yadda ake karanta Tabkin Kwatto, domin za su nuna kusancin da 'yan bakan Abdullahi suka bari dawakin Gobir suka yi kafin su saki tsirkiya.

Akwai tarko guda da mai irin wannan aiki zai kiyaye, kuma masu gwajin Turai ma sun sha faɗawa cikinsa. Idan aka je wurin maƙeri a yau aka ce ya ƙera kan kibiya, rodi zai ɗauko ko guntun sifirin mota daga hannun 'yan gwangwan. Wannan ƙarfen masana'anta ne, mai tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ƙarfen da aka narka daga tama a murhun yumɓu kuwa yana da kashin maƙera a cikinsa, wani wuri laushi wani wuri tauri, kuma yana iya lanƙwashewa inda sifiri zai wuce. Haka yadin kanti na roba-roba ba saƙi ba ne, soson katifa ba auduga ba ce. Wanda ya harba kibiyar sifiri a lifidin soso ya gwada kayan kasuwar Panteka ne, ba na 1804 ba. Saboda haka matakin farko ba a filin harbi yake ba. Sai an koma wajen Samaru an haƙo tama, an ƙona gawayin ƙirya, an gina murhu, an sami wanda kakansa ya nuna masa yadda ake jera bututun iska a gindinsa.